Amsa ga ɗana a kan kiran gayya

Assalamu alaikum, ɗana. Ka tambaye ni ko ka kira gayya a gonar mahaifinka bana, tunda kuɗin ƙwadago ya yi tsada, da kuma yadda ake kiranta. Kafin komai ka san cewa gayya bashi ce. Duk wanda ya duƙa a gonarka yana jiran ranar da za ka duƙa a tasa, ko ka aiko ƙanenka da fartanya. Wadda ba a rama wa ita ce ta maras lafiya, da ta matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, da ta liman ko mai gari, sai kuma wadda saurayi ke kai wa gonar surukinsa. Kai ba ka cikin waɗannan. In ka san ba za ka zauna ƙauye har kaka ba, ka biya ƙwadago ka huta, don mai cin gayya bai rama ba, ba a amsa masa kira na biyu.

In ka ɗauki nauyin, to ba kai za ka bi gida-gida ba. Ka je wurin sarkin samari da goro, ka faɗi gonar da irin aikin, ku sa rana da tazarar kwana 3 zuwa 7. Ku kauce wa Juma'a da ranar kasuwa, kuma ka bincika kada wani ya riga ka sa wannan ranar, don in an raba 'yan aiki biyu kowa zai yi asara.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wane aiki za ka kira su. Ni ban ba ka shawarar noman firi, wato noman farko, ba. Lokacin kowa na fama da tasa gonar, ga shuka ƙarama, samari kuwa da sun ji gangar noma tsere suke yi. Cikin gaggawa sai su sare gero tare da ciyawa, ko su binne shi, ka wayi gari da gurabe sai ka bi da dashe. Ka bari sai maimai ko huɗa, sa'ad da gero ya kai gwiwa, ana ganinsa sarai. Girbi da ɗaurin dami ma sun dace da gayya ƙwarai. Ka kuma duba ƙasa: in an yi ruwa mai yawa daren jiya, ciyawar da aka nome za ta sake kamawa, in fari ya busar da ƙasa, fartanya tsalle take yi. Abin so shi ne danshi a ƙasa, rana a sama.

A gona, a jera mutane kowa da kuyyarsa, ƙarfafa a gefe biyu su ja layi. Ka sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa bin baya. Babban ha'incin gayya shi ne a watsa ƙasa a kan ciyawa ba a yanke saiwarta ba. Gona ta yi kyau ranar, ruwa biyu ta koma kore. Dattijo ne kaɗai zai mayar da saurayi kan kuyyarsa bai yi fushi ba. Kai mai gayya ba ka tsawa, naka sannu da aiki da kai ruwa.

Abinci kuwa kada ka yi masa ƙwauro. Kunu ko koko da hantsi, fura mai nono idan rana ta take, tuwo bayan an tashi wajen azahar. Ka lissafa mudu ɗaya na dawa ga mutum 3 ko 4 a tuwo, kuma in ka kira mutum 20 ka dafa na 30, domin yara da masu wucewa za su zauna. Ruwan sha ya riga kowa isa gindin bishiya. In fura ta makara, aiki ya mutu, ko da makaɗi ya fasa ganga. Shi makaɗin za ka ba shi ɗan abin hannu ranar, sannan da kaka ya zo ya ɗauki daminsa.

Da yamma ka rubuta sunan duk wanda ya zo, da gidan da ya aiko yaro a madadinsa. Wanda bai zo ba kada ka riƙe shi a rai kafin ka ji uzurinsa. Ka gai da mahaifiyarka, ka shaida mata ranar tun da wuri don ta samu matan da za su taya ta surfe da daka.