Yana son rabin jari, yana kuma son sunan mahaifinmu

Tambaya: Ni da ƙanena muke haɗa zoɓo da lemon citta muna ɗurawa a roba a nan Kano, shekara bakwai ke nan, kuma sunan marigayi mahaifinmu ne a jikin robar. Wani Alhaji ya ce zai zuba kuɗi ya ɗauki rabin jari, ya buɗe reshe a Kaduna da sunanmu. Mu karɓa?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifi, ya ƙara wa sana'a albarka. Kuɗin ba su dame ni ba kamar sunan. Bari in ba ki labarin wani gida a Ingila. Giyar tuffa suke yi, abin da ni da ke ba za mu kusanta ba, amma yadda gidan ya suɓuce wa masu shi ya shafe ki kai tsaye.

A 1887 wani saurayi, Percy Bulmer, ɗan limamin coci a ƙauyen Credenhill kusa da Hereford, ya fara matse tuffar lambun mahaifinsa. Yayansa Fred ya shigo, suka haɗa hannu kamar ke da ƙanenki, har kamfanin H.P. Bulmer ya zama babba a ƙasar.

Ga inda nake so ki tsaya ki duba. A garin Clonmel na ƙasar Ayalan, wani mai suna William Magner ya fara irin wannan sana'a a 1935. A 1937 su Bulmer suka sayi rabin kamfaninsa, a 1946 suka saye sauran, aka liƙa sunan Bulmers a kwalaben da ake yi a can. Daga baya reshen ya koma hannun wasu, sunan kuma ya bi shi. Yau idan aka ɗauki kwalba mai sunan Bulmers a Jamhuriyar Ayalan, ta kamfanin C&C ce, ba ta gidan Hereford ba. Shi kuma C&C ba shi da ikon amfani da sunan a waje, shi ya sa yake sayar da kayansa a Ingila da sunan Magners, yana gogayya da masu ainihin sunan a kasuwarsu. Reshen Kaduna da ake yi miki tayi, haka zai iya zama idan kuka ɓata da Alhajin: robar da ke ɗauke da sunan mahaifinki tana yawo a kasuwa, ke ba ki san ruwan da aka dafa zoɓon da shi ba.

Shi kansa gidan na Hereford ya sayar wa jama'a hannun jari a kasuwar Landan a 1970. Ya baza kuɗi a Amurka da wasu ƙasashe, riba ta ja baya, sannan a 2002 aka gano kuɗin talla na miliyoyin fam da ba a shigar a littafi ba. Darajar hannun jari ta faɗi, a 2003 kamfanin Scottish & Newcastle ya saye shi kan fam miliyan 278. A 2008 shi ma aka saye shi, Bulmers ya koma hannun Heineken na ƙasar Holan.

Shawarata, ki karɓi kuɗin idan kina bukatar injin ko firiza, amma ba a kan rabi da rabi ba. Rabi da rabi, ranar da aka yi saɓani babu mai raba gardama. Ke da ƙanenki ku riƙe aƙalla kashi 51 cikin ɗari.

Sunan kuma ki cire shi daga cinikin gaba ɗaya. Mutane da yawa suna ɗauka rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar, alhali sunan kasuwanci kawai take karewa. Tambarin da ke jikin roba ana yi masa rajista daban a ofishin rajistar tambari da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ki yi ta da sunanki da na ƙanenki, ba da sunan kamfanin haɗin gwiwar ba. Alhaji ya karɓi aron sunan a rubuce, na shekaru sanannu, a gari sananne, da sharaɗin cewa idan inganci ya lalace kina da ikon janyewa. Ki duba kuma da sunan wa lambar NAFDAC take.

Littafin shiga da fita ya zama kina ganinsa kowane wata, har da na Kaduna. Kafin ki sa hannu a komai, ki kai wa lauyanki takardar, ba lauyan Alhaji ba, ki kuma tafi da ƙanenki.