Zauren Tambaya da Amsa: Fistin da Silinda a Kan Ƙaramin Injin Sassaƙar Ƙarfe

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina haɗa ɗan ƙaramin injin tururi na sha'awa, silindarsa ta tagulla ce mai faɗin rami milimita 12. Duk fistin da na sassaƙa, ko dai ya cije a ciki, ko ya yi sako-sako tururi na zurarewa. Ina matsalar take?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Yawanci matsalar tana cikin abin da aka fara yi. Silinda ake gamawa tukuna, sannan a sassaƙa fistin daidai da ita, domin rage ƙarfe ta waje ya fi sauƙin sarrafawa a kan faɗaɗa rami.

Ka fara da ɗan tsinin huda tsakiya, ka bi da diril mai milimita 6, sannan mai 11. Kada ka amince da ramin diril: ba ya fita da'ira sosai, kuma yakan kauce hanya. Wuƙar cikin rami ce ke miƙar da shi. Ka fito da sandarta gwargwadon zurfin ramin kawai, saboda idan tsawon da ya leƙo ya ninka biyu, lanƙwasarta ninkawa takwas take yi. Wannan lanƙwasa ce ke sa bakin rami ya yi faɗi, cikinsa ya tsuke. Idan ka kusa kaiwa ga awo, ka sake bi sau biyu ko uku ba tare da ka ƙara zurfin yanka ba. Za ka ga wuƙar tana ci gaba da ɗebo ƙarfe har ta daina.

Ka bar kamar milimita 0.02 don guga. Sassaƙa sandar alminiyam mai ɗan tsaga a tsaye, ka shafa mata lallausan man guga, ka kunna injin sassaƙar a hankali, kana kai silindar gaba da baya a kanta. Dole sandar ta fi silinda laushi, domin ƙwayoyin man su nutse a jikinta. Bayan nan ka wanke da kananzir, ka sake wankewa da ruwan sabulu. Ƙwayar da ta saura a ciki za ta yi ta cin fistin muddin injin tururin na aiki.

Sai fistin. Sararin da ake so tsakaninsa da silinda milimita 0.01 zuwa 0.02 ne. A injuna da yawa, idan ka tura wuƙa milimita 0.05, kaurin ƙarfen 0.10 yake raguwa, don haka ka gwada naka a kan guntun ƙarfe kafin ka yarda da lambobin da ke jikin hannun. Akwai dabara mai kyau: juya ƙaramar silalar sama, wadda wuƙa ke zaune a kanta, ta yi kwana kusan digiri 5.7 da layin tsawon injin, sai duk 0.10 da ka murɗa ta zama 0.01 ne kawai ya shiga cikin ƙarfe. Kuma kada ka auna da zafi. Fistin alminiyam mai milimita 12 da ya ɗumama da digiri 30 yana ƙaruwa da kusan 0.008, wato kusan duk sararin da kake nema ke nan. Bari ya huce, sannan ka ɗauko maikiromita, wato ma'aunin kauri.

Gwajin ba wuya: a bushe, fistin ya gangara cikin silinda da nauyin kansa, idan ka toshe ƙasan da yatsa, ya tsaya ko ya sauka a hankali ƙwarai. Siraran layuka biyu a jikinsa za su riƙe mai, su rage yoyo.

TAMBAYA: Malam, lokacin datse abin da na gama daga jikin sanda, injin sai ya kama ƙara da kyarma, wani lokaci wuƙar ta kafe ta karye.

AMSA: Datsa ita ce aikin da ya fi tona asirin ƙaramin inji, don jikinsa ba nauyi. Bakin wuƙar ya tsaya daidai tsakiyar sanda: idan ya yi sama sai goga, idan ya yi ƙasa sai sandar ta hau kansa. Yanka kusa da bakin riƙo (abin da ke kama sandar yana juya ta), kulle keken da ke ɗauke da wuƙa, ka ɗaure kusoshin silala har wasa ya ƙare. Wuƙa mai kaurin milimita 1.5 ta ishe ka. Lissafin gudu kuwa: ninka saurin yanka da 320, ka raba da kaurin ƙarfe. Ƙarfe mai laushi yana son mita 25 a minti ɗaya da wuƙar HSS (ƙarfen yanka mai jure zafi), wato juyi kusan 670 ga sanda mai milimita 12. Wajen datsa ka sauko zuwa rabin haka. Ka riƙa turawa ba tsayawa, da ɗigon mai. Tsoro ne ke kawo kyarma, domin wuƙar da ba ta ci tana goga ne. Kuma kada tsinin wutsiya, mai tallafar ƙarshen sanda, ya tokare sandar yayin datsa, zai matse wuƙar.

TAMBAYA: Ƙafar gudun da na yi, wato faifan nan mai nauyi na injin tururin, tana lilo a kan sanda, alhali ramin na tsakiya na huda.

AMSA: Bakin riƙo mai haƙora uku ba ya mayar da ƙarfe inda yake idan an kwance, kaucewar milimita 0.05 zuwa 0.10 ba abin mamaki ba ce. Ramin tsakiya, fuska ɗaya da gefen waje, duka a yi su a ɗauri guda. Wadda ta riga ta lalace kuwa, sassaƙa sanda daidai raminta, kada ka cire sandar daga injin, ka ɗaure ƙafar a kai da noti, ka share gefe da fuska da yanka mara zurfi, a ƙaramin gudu. Cire makullin bakin riƙo kafin ka kunna, kuma ban da safar hannu.