Ki kare darasin, amma ki nemi a ƙara masa lokaci

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce makarantar yaranki na shirin soke darasin Faransanci don a ƙara wa lissafi da kimiyya lokaci, za a kawo maganar a taron iyaye da malamai, kuma kina neman hujjar da za ki tsaya a kanta. Shekara 14 na yi ina koyar da wannan darasin, kuma na zauna irin wannan taron fiye da sau ɗaya. A na farko an kayar da ni, don haka bari in fara da abin da ya kayar da ni.

Ranar na miƙe ina ta yabon harshe, cewa yana buɗe ƙofar aiki da karatu a waje. Sai wani uba ya ɗaga hannu, cikin ladabi ya ce ɗansa ya shekara 3 a ajina, amma in ban da gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma babu abin da yake iya faɗa. Ban sami bakin magana ba, domin gaskiyarsa ce. Da na koma gida na ɗauki biro na yi lissafi. Darasi ɗaya ake ba ni a mako, na minti 40. A makonni 36 na karatu, awa 24 ke nan a shekara, wato kwana ɗaya cur. Alhali cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa baligi mai jin Turanci na bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci ko Sinanci kuwa kusan awa 2,200. To ina awa 24 za ta kai yaro? Ana ba darasin abin da bai isa ya rayu ba, in ya kasa kuma a ce ba shi da amfani.

Shi ya sa nake ba ki shawara kada ki tsaya kan "a bar shi yadda yake". In an bar shi haka, baɗi ma wani uban zai sake tashi da wannan ƙorafin, kuma zai yi nasara. Ki nemi a rarraba shi gajere-gajere, sau huɗu a mako ko da minti 20 ne. Harshe kamar shuka ne, yayyafin kullum ya fi masa ruwan sama na rana ɗaya.

Na ga bambancin da idona a makaranta ta biyu da na koyar, inda aka yarda da wannan tsarin. Na ajiye dogon nahawu a zangon farko. Jaka nake shiga da ita aji, cikinta akwai mabuɗi, cokali, madubi, agogo da ƙwallo. Yaro ya zura hannu, ya ciro abu, ya faɗi sunansa, ya miƙa wa na kusa da shi ya ce "karɓi", wancan ya ce "na gode". Akwai wata yarinya da ke zama can baya, wata biyu ban ji muryarta ba. Wata safiya na makara da 'yan mintuna, ina shigowa sai ta ɗaga agogon nan ta ce da ni da Faransanci, "Malama, ƙarfe takwas da minti goma." Ba ni na tambaye ta ba, ita ta ga tana da abin faɗa ta faɗa. Har yau in na tuna sai na ji daɗi a raina.

Game da tsoron cewa lissafi zai sha wahala, ki ba su labarin Kanada. A 1965, a garin Saint-Lambert kusa da Montreal, iyaye masu jin Turanci ne da kansu suka matsa sai an fara koyar da 'ya'yansu darussa cikin Faransanci tun daga ajin share fage. Wallace Lambert na Jami'ar McGill da abokan aikinsa suka bi yaran shekara da shekaru. Da farko sun ɗan yi baya a karatun Turanci, daga bisani suka kamo takwarorinsu, lissafinsu kuma bai taɓu ba. Ki lura, iyaye irinki ne suka faro shi. Ki haɗa musu da Ingila: a 2004 aka daina tilasta harshen waje bayan shekara 14, masu ɗaukarsa a jarrabawa suka ragu ƙwarai, a 2014 sai ga shi an wajabta shi ga yara 'yan shekara 7 zuwa 11. Sokewa abu ne mai sauƙi, amma in malamin ya tafi, dawo da darasin sai an sha wuya.

In wani ya ce koyon yaren wasu na gusar da na gida ko tarbiyya, ki tuna masa cewa Annabi (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa. A nawa ajin kuma, yaran da suka iya karatu sosai da harshen uwa su ne kullum kan gaba a Faransanci. Don haka ki ci gaba da yi wa naki hira da karatu da harshenku a gida, shi ma taimako ne ga darasin.

Abu na ƙarshe, kafin ranar taron ki je ki sami malamin darasin ku zauna. Ki tambaye shi minti nawa ake ba shi, yara nawa ne a aji, da abin da zai iya yin alkawarin yaro zai iya faɗa bayan shekara guda in an ƙara masa lokaci. Ki rubuta, ki nemi iyaye biyu ko uku su mara miki baya, ku roƙi a gwada na shekara ɗaya sannan a auna yaran da baki a gaban kowa. In kina so, faɗa min ajin da yaranki suke, zan tsara miki abin da ya kamata a auna su da shi.