Yawon buɗe ido a kan keke da sassafe a birnin Jaipur

Malam, ka tambaya ko ya dace baƙo ya zaga tsohon birnin Jaipur na ƙasar Indiya a kan keke da sassafe tare da ɗan jagora. A ganina ya dace ƙwarai, domin da hantsi ya yi titunan kan cika da babura da motoci, kuma a watan Mayu zafi yakan wuce digiri 40.

Sarki Sawai Jai Singh na biyu ne ya kafa birnin a shekarar 1727, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu masu faɗi, abin da ya sa tuƙa keke a cikinsa ya fi sauƙi a kan lungunan tsohon Delhi. Yawanci akan tsaya a gaban Hawa Mahal, ginin nan mai tagogi 953 da aka gina a 1799, wanda fuskarsa ke kallon gabas, saboda haka hasken fitowar rana ne ya fi bayyana kyawunsa. Akan kuma ratsa kasuwar furanni da ta kayan miya yayin da ake sauke kaya.

Sai dai ka sani cewa a wannan lokaci ba a buɗe fadar sarki da Jantar Mantar, wato tsohon wurin nazarin taurari, ba tukuna, don haka shiga cikinsu sai ka sake komawa da rana. Ka tuna kuma a hannun hagu ake tuƙi, sannan shanu suna yawo a kan titi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Maris.