Me ya kai kamfanin manhaja ƙera akwatin allon talla?

Tambaya: Sana'ata haɗa wa shaguna da asibitoci allunan talla da sanarwa na dijital. Kamfanin da nake biyan kuɗin manhajarsa ya fara sayar da nasa akwatin da ake jonawa a bayan talabijin, alhali manhajar tana tafiya a kan akwatin Android mai araha na kasuwa. Neman kuɗi ne kawai, ko akwai dalili?

Amsa: Malam, akwai neman kuɗi, amma ribar akwatin ba ta taka kara ta karya ba. Abincin kamfanin yana cikin kuɗin da ake biya duk wata a kan kowane allo. Yodeck ma, wani kamfanin manhajar allon talla, kyauta yake ba wanda ya biya na shekara akwatinsa, wanda aka gina kan Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha. Abin da kamfani ke tsoro shi ne allo ya yi baƙi, domin mai shago bai san wanda ya ƙera akwatin ba, sunan manhajar ya sani, ita zai ɗora wa laifi.

Akwatin kasuwa don kallon falo aka yi shi, inda mutum ke zaune da rimot a hannu. Allon talla kuwa yana aiki awa 16 zuwa 24 a rana, a maƙale can sama, babu mai taɓa shi. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, akwatin falo yakan tsaya a shafin farko yana jiran a danna, ko ya fito da saƙon sabuntawa a tsakiyar talla. Wanda aka ƙera don talla yana tashi da kansa ya koma kan bidiyon da ya riga ya ajiye, ko babu intanet. A cikinsa akwai wani ɗan mai gadi da manhajar ke yi wa alama kowane 'yan daƙiƙu. Alamar na yankewa, sai ya sake kunna na'urar. Akwai kuma agogo mai ƙaramin batir, saboda na'urar da ta tashi da kwanan wata na kuskure takan ƙi amincewa da takardar tsaron sabar, wato kwamfutar kamfanin da ke aiko mata da talla, jadawalin talla kuma ya rikice.

Ma'ajiya ce ta fi yawan kashe waɗannan na'urori. Katin SD yana gajiya da yawan rubutu, kuma yankewar wuta ana cikin rubutu tana lalata fayiloli. Shi ya sa masu ƙerawa ke komawa ga eMMC, wato ma'ajiyar da aka liƙe a cikin na'urar, su kulle sashen tsarin aiki ya zama na karantawa kawai, su kuma ajiye kwafi biyu: sabuntawa ta shiga ɗaya, in ta gaza tashi, na'urar ta koma ɗayan. Wannan ba ya yiwuwa a kan akwatin wani, tunda mabuɗin tsarin ba ya hannun kamfanin manhajar.

Sai zafi. Raspberry Pi yana rage gudu da kansa idan ya kai digiri 80 zuwa 85, bidiyo ya fara tsinkewa, kuma bayan talabijin a watan Afrilu ba wurin wasa ba ne. Gidan alminiyam marar fanka ya fi, don fanka ƙura take zuƙa.

Galibin kamfanonin ba daga tushe suke ƙerawa ba. Sukan ɗauki Compute Module, wato nau'in Raspberry Pi da aka yi don sakawa cikin wasu na'urori, ko su ba wata masana'anta a birnin Shenzhen na China kwangila, su zaɓi kayan ciki, su ɗora nasu tsarin. Ko hakan ma da nauyinsa: jari ya kwanta a kaya, ga takardun amincewa na FCC a Amurka da CE a Turai, ga garanti. A ƙarancin kayan lantarki na 2021 zuwa 2022, samun Raspberry Pi ya yi wuya ƙwarai.

Kafin ka saya, tambaye su shekara nawa za su ci gaba da aiko da gyaran tsaro, kuma ko akwatin zai karɓi wata manhajar idan kun rabu, domin wasu a kulle suke. Allo ɗaya a shagon da kake wucewa kullum, na kasuwa zai iya ɗaukar ka. Allo 20 a garuruwa daban-daban kuwa, kuɗin motar zuwa cire filogi da mayarwa kaɗai zai cinye bambancin farashin.