Na ci riba a gidan burodi, in sayi kamfanin ruwan leda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce na sayi wani gidan burodi da ya durƙushe, na haɗe shi da nawa, Allah kuma ya sa albarka. Yanzu an kawo mini tallar kamfanin ruwan leda. 'Yan'uwa na cewa tunda na saba, in saya kawai. Me ka gani?
Mai burodi, Sabon Garin Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka saba kam, amma da burodi. Lokacin da ka shiga wancan gidan ka san kuɗin buhun fulawa, ka san ma'aikacin da ke ha'inci a awo, masu shayin da za su ɗauki kaya ma naka ne tun da can.

Labarin kamfanin Quaker Oats na Amurka nakan ba masu irin tambayarka. A 1983 suka sayi kamfanin da ke yin Gatorade, abin shan 'yan wasa, suka kwashi riba. Ganin haka, a 1994 suka zuba dala biliyan 1.7 suka sayi Snapple, wai ai duk abin sha ne. Ashe Gatorade a manyan kantuna ake sayar da shi, shi kuwa Snapple ƙananan dillalai ne ke kai shi shago-shago. Da aka nemi a bi da shi hanyar Gatorade, dillalan suka ƙi ba da haɗin kai, ciniki ya faɗi. A 1997 aka rabu da shi a kan dala miliyan 300.

Ba wai gogewa ba ta da rana ba. Bankin Access ya haɗiye bankunan Marina da Capital a 2005, lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan lokacin, ya ce sai banki ya tara naira biliyan 25, sannan Intercontinental, sannan Diamond a 2019. Amma ka lura, kullum banki ne ke sayen banki, kuma sau da dama aka yi. Kai sau ɗaya ka gwada.

In ranka ya kwanta da ruwan, kada ka biya tukuna. Ka ga takardar NAFDAC da idonka, ka kai ruwan rijiyar burtsatsen a gwada, ka tambayi nawa ake ƙonawa a man janareta duk wata. Direbobi kuwa ka zauna da su su kaɗai, don su ne suka san masu saye, kuma in suka tafi da kwastomomi za su tafi. Littafin cinikin lokacin hunturu za ka nema. Na watan Afrilu kowa zai nuna maka da murna.