Injin ɓare ɗanyar masara: wa zai karɓi wadda ka ɓare?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Shekara 6 ke nan ina saro ɗanyar masara daga gona ina raba wa masu sayarwa ɗaiɗai. Idan masara ta kama sosai nakan fitar da kamar 2,000 a rana. Kwanan nan na ga bidiyon wani inji da ke cire ɓawo da gemun masara lokaci guda, tana fitowa fes. Mai sayarwa ya ce yana ɓare 3,000 a awa ɗaya. Na buga lissafi, idan ya yi awa 8 zan samu 24,000 a rana, ko riba kaɗan na ɗora a kan kowace, cikin wata 3 kuɗina sun dawo. Injin zai ci kashi biyu cikin uku na jarina. Abin da nake so a ba ni shawara a kai shi ne, wanne ya fi, mai rolar roba ko mai ta ƙarfe? Kuma in ɗauki mai aiki da lantarki ko mai mai?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sau uku na karanta saƙonka ina neman jimla guda, ban same ta ba. Ka faɗi abin da injin zai ɓare a awa, ka faɗi abin da zai ɓare a yini, ka faɗi watan da kuɗinka za su dawo, amma ko sau ɗaya ba ka ambaci mutumin da zai karɓi masara 24,000 ɓararriya daga hannunka ba. Wane ne shi? Ya ce maka yana so? Nawa zai ɗauka, da ƙarfe nawa, kuma yaushe zai biya? Wannan ne kuskurenka, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye jarin da ka yi shekara 6 kana tarawa. Zancen roba ko ƙarfe ƙaramin abu ne, zan zo gare shi daga baya.

Ka fi ni sanin masara a hannu, amma bari in tuna maka abin da ke faruwa a cikinta. Ɗanyar masara ana karyo ta ne kimanin kwana 20 bayan ta fitar da gemu, lokacin da in ka matsa ƙwaya da farce wani farin ruwa kamar madara zai tsarto. A wannan matakin fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙwayar ruwa ne. Busasshiyar da ake zubawa a buhu kuwa ruwanta bai wuce kashi 13 ko 14 ba. Shi ya sa injin sussukar busasshiyar masara da injin da kake magana a kai ba sana'a ɗaya suke ba. Mai busasshiya in bai samu ciniki yau ba, sai ya ɗinke buhu ya jira wata uku. Kai ba ka da wannan damar. Tun daga lokacin da aka raba goyon da kara, zaƙin da ke cikinsa ke juyewa yana zama sitaci. A masara mai zaƙi irin ta asali, idan zafi ya kai digiri 30, fiye da rabin sukarinta na iya tafiya cikin kwana ɗaya. A ɗakin sanyi da ke dab da digiri 0 kuwa ɗan kaɗan ne ke raguwa, kuma ko a can ɗin kusan mako guda ne iyakarta. Akwai irin da aka inganta wanda ya fi riƙe zaƙi, amma shi ma ƙarin kwanaki ne kawai yake ba ka.

Ɓawon ba ya hana zaƙi gudu. Abin da yake yi shi ne tsare ƙwayar daga bushewa, daga gogayya a cikin mota, daga ƙura da ƙuda da hannun masu taɓawa. Riga ce da Allah ya ɗinka mata, kuma kyauta ka same ta. Ranar da ka tuɓe ta, sai ka sayi wata rigar da kuɗinka: leda, faranti, ɗakin sanyi, motar da ke da sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. A lissafinka babu ko ɗaya daga ciki.

Irin waɗannan injuna asalinsu na masana'antun da ke zuba masara a gwangwani ko su daskarar da ita ne, kamar waɗanda ke jihohin Minesota da Wiskonsin a Amurka. A can motar gona na sauke kaya, masara na hawa bel, a ɓare ta, a wanke gemun, a yanke ƙwayar, a turara ta, a rufe ko a daskarar, duk cikin sa'o'i kaɗan. Injin ɓarewa zobe ɗaya ne a tsakiyar sarƙa, akwai na gaba da ke jiran abin da ya fitar. Bidiyon da ka gani zoben nan kaɗai ya nuna maka. Masarar da ke zubowa fes a ƙarshen bidiyon, ba a nuna maka inda ta kwana ba.

Shekarun baya wani mutum ya zo wurina, amma bayan ya riga ya saya. Shi ma dillalin ɗanyar masara ne, mai rufin asiri. Kafin ya biya kuɗin inji ya je wani babban gidan abinci ya yi wa mai sayen kayansu bayani, shi kuma ya ce masa, "Kawo mu gani." A kan wannan kalma uku ya gina kasuwanci. Ranar farko, don murna, kafin azahar ya ɓare wajen 5,000. Gidan abincin suka ɗauki 300, suka ce sai wani makon. Ya juya ga tsofaffin abokan cinikinsa, suka ce su da ɓawonta suke so, don mai saye koren ɓawo yake dubawa ya gane ta yau ce. Washegari da safe ya buɗe shago, ƙwayoyin duk sun lotsa, kowace da ɗan rami a ka, hasken nan ya dushe. Masu dabbobi ne suka kwashe ta a kan abin da suka ga dama. Ya sake gwadawa sau biyu da ƙaramin adadi, daga nan ya haƙura. Da na je shagonsa ya ɗaga mini tamfol in ga injin. Busasshen gemun masara ya nannaɗe bakin rola kamar zare, tsatsa ta fara cin boris, ga takardar kamfani ko ɓare ta ba a yi ba a jikin ƙarfen. Injin lafiyarsa lau, duk abin da mai sayarwa ya ce zai yi ya yi. Da ƙyar ya samu wanda ya saye shi a ƙasa da rabin kuɗin, kuma a kakar da ta biyo baya ba shi da jarin da zai yi sarin da ya saba.

Yanzu mu koma kan lambobinka. Kana fitar da 2,000 a rana. Injin da ke ɓare 3,000 a awa zai gama da su cikin minti 40, sauran yinin yana zaune, haka kuma duk watannin da babu ɗanyar masara. Don ya yi awa 8 ɗin da ka ƙiyasta, sai ka ninka sarinka sau 12, alhali kashi ɗaya cikin uku na jarinka ne kawai ya rage maka. Da wane kuɗi? Daga gonar wa? Sannan adadin da masu sayar da inji ke faɗa, na masara ce mai girma ɗaya, da mutanen da ke zuba ta ba tsayawa. Taka masarar daga gonaki daban-daban take zuwa, wata doguwa, wata guntuwa, wata ta kwana ɓawonta ya yi yaushi. Wata za ta fito da rabin riga a mayar da ita, wata rola za ta murje mata ƙwaya, gemu zai cushe a tsaya a share.

Ka kuma gwada wannan da agogo a hannunka. Sa yaro mai zafin nama ya ɓare, ka ƙirga. A ce yana yin 5 a minti, 300 ke nan a awa. Masararka 2,000 ba ta kai aikin awa 7 na mutum ɗaya ba, wato mutum biyu za su gama kafin rana ta take. Injin ma mutum biyu yake so, mai zubawa da mai tsincewa a ɗaya bakin. To ladan wa ka rage? A girman cinikinka na yau, injin ba ya sauke maka ko ma'aikaci ɗaya, sai dai ya ƙara maka kuɗin wuta, ruwa da makaniki.

Akwai wata asarar da ba ka gani yanzu saboda ɓawo yana rufa maka asiri. A cikin kowace 100 akwai wadda tsutsa ta ci kanta, akwai wadda ƙwaya ba ta cika ta har ƙarshe ba, akwai mai giɓi. Yau duk kana sayar da su a haɗe, ku raba kasadar da mai saye. Da ka ɓare, aibin kowace ya fito fili, kuma wanda ke biyan ƙarin kuɗi don ɓararriya ba zai ɗauki mai tabo ba. Waɗannan naka ne. Manyan kantunan da kake hange kuma da yawansu sai sun sayar suke biya, abin da ya yi kwantai su dawo maka da shi. Ka san kashi nawa ne na masararka zai faɗi idan aka tuɓe ta? Na tabbata ba ka taɓa ƙirgawa ba, domin da ka ƙirga da ka rubuta mini.

Gaskiya lissafin "cikin wata 3 kuɗina sun dawo" ya ishe ni. Kusan duk wanda ya zo mini da shi, ƙarfin inji ya ninka da kwanakin wata, ya manta cewa riba daga aljihun mai saye take fitowa. Wannan cinikin biri ne a sama. Da ribar na zube haka, da mai sayar da injin bai sayar maka ba, da ya kafa shi da kansa.

Ban ce sana'ar ba ta da kyau ba. Na san wata mata da ta yi nasara a kanta. Kaka biyu tana ɓarewa da hannu, ita da ma'aikata huɗu, tana kai wa wasu masu daskarar da kayan lambu. Akwai takarda a tsakaninsu: adadi, ranaku, ƙarfen da mota za ta zo, da irin wadda za a ƙi karɓa. Sai da suka ninka odarsu, ma'aikatanta suka kasa gamawa kafin isowar mota, sannan ta sayi ƙaramin inji. Ranar da aka kunna shi, kowace masarar da ta faɗo daga bakinsa an riga an san mai ita.

Abin da nake so ka yi a wannan kakar ke nan. Kada ka ba da ko kafin alƙalami. Kullum ka ware 100 daga cikin kayanka a ɓare da hannu, a goge gemun da buroshi mai laushi, ka ɗauka da kanka ka zaga gidajen abinci, otal-otal, kantuna masu firji da masu sarrafa kayan lambu. Ka sayi littafi na musamman. Kullum ka rubuta nawa ka ɓare, nawa suka fito da aibi, nawa aka saya, da ƙarin nawa a kan mai ɓawo, nawa suka kwana, wa ya biya nan take, wa ya ce sai an jima. Ka ajiye guda 10 a inda kake ajiye kaya, ka duba su bayan awa 6, bayan awa 12, da washegari. Ka gwada har da rabin ɓarewa: a datse gindin, a cire ganyen waje, a bar na ciki, a buɗe gefe ɗaya mai saye ya ga ƙwaya. Dogon gindi da dogayen ganyen nan suna zuƙe ruwan ƙwayar, datse su na rage lotsawa, kuma wannan aikin wuƙa ne. Ɓawon da ka tara ma ka nemi masu kiwo, ka rubuta abin da ya kawo. Mako uku a haka zai faɗa maka abin da ni da mai sayar da inji ba za mu iya faɗa maka ba. Duk wanda ya ce "kawo mu gani", kada ka sa shi a lissafi har sai ya saya sau uku ya biya.

Game da tambayarka ta asali: ga ɗanyar masara, rola mai rufin roba ta fi tausaya wa ƙwaya, amma tana cinyewa, don haka ka tabbatar ana samun ta canji kafin ka saya. Lantarki ko mai, ya danganta da wutar da ke wurinka, kuma manyan injuna da yawa wuta mai layi uku suke buƙata. Kada ka yarda da bidiyo. Ka kai buhu biyu na taka masarar, manya da ƙanana a gauraye, a zuba a gabanka, ka ƙirga waɗanda suka fito tsaf, da masu sauran ɓawo, da waɗanda aka murje. Ka duba akwai murfi a kan rola da maɓallin kashewa kusa da hannun mai zubawa, domin rolar da ke fizgar ɓawo haka take fizgar yatsa da hannun riga, kuma ba a sa hannu cire abin da ya cushe sai an kashe.

Idan mako uku sun cika, ka aiko mini da abin da ke cikin littafin. In akwai mutum biyu ko uku da ke karɓa a kai a kai suna biya, kuma adadin da suke nema ya fi ƙarfin hannun ma'aikata huɗu, sai mu zauna mu duba girman injin da ya dace da wannan adadin, da yadda za ka samu wurin sanyi kafin ya iso.